Geron Tasalla Ya Tafi Faransa

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi da daɗin rai ba. Da na zauna rumfar Ila tela, nan bakin kasuwar Madarumfa, sai wani ya tono zancen: "Dokta, wai yaya Faransa?" Sun sani sarai ban samo doktan ba, tsiya ce kawai irin ta abokai. Wannan ya ce na yi haske, wancan ya ce ya ji ɗalibai can ba su da aiki sai cin nama, wani kuma ya kafe sai na faɗa masa ko karatun ya yi daɗi. Na gaji da cewa "sai godiya". To yau zan faɗa daga farko har ƙarshe, wanda ya sake tambayata bayan wannan kada ya ga laifina in na yi banza da shi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu. Na yi lakwal, wato makarantar boko, a nan, na wuce Maraɗi, na wuce Yamai, na yi digirin farko kan aikin gona a wata ƙasar bakin teku. A farkon shekarun saba'in, lokacin da damina ta fara yi mana rowa, gwamnati ta ba ni bursu, wato kuɗin karatu, in tafi Faransa in yi binciken da ake zama dokta da shi. Abin da na ce zan bincika gero ne, kuma geron gidanmu.

Muna kiransa ɗan Tasalla. Tasalla kakata ce, ita ta zo da irin daga wajen Gabi lokacin da aka kawo ta gidan kakanmu. Zangarniyarsa gajera ce, ba ya cika rumbu, shi ya sa mutane suka watsar da shi suka koma wa mai dogon kai da gyaɗa. Amma yana da hali guda: ruwa kaɗan ya ishe shi, kuma yakan nuna tun sauran gero bai gama fid da kai ba. A duk karkararmu Baba kaɗai ya rage yana shuka shi, a wata kusurwar gonarmu ta jigawa. Ni kuwa na ƙudura cewa in na nuna wa masana abin da geron nan ke iyawa, za a yawaita shi a raba wa manoma. Yaro da buri!

Ana gobe zan tashi, Baba ya shiga rumbu da kansa ya fiddo zangarnun da ya ware na iri. Ya raba su biyu, ya naɗe rabi cikin wani tsohon zanen saƙi ya miƙo mini. Ya ce, "Habu, wanga iri ne, ba abinci ba. Iri kuwa ba a nuna shi, ba a zancenshi cikin mutane, baki na kama shi. Ka ji ko?" Na ce na ji. Na shimfiɗa ƙunshin a ƙasan akwati na danne shi da tufafi.

An ce jiragen Yamai sun cika da ɗalibai, don haka daga Kano aka rubuta mini in tashi. Na hau kamiyon wani mai fataucin wake da ke zuwa Katsina, na zauna bisa buhuna sanye da sabuwar kwat, ina jin kaina. Ba mu kai Ɗan Issa ba motar ta kafe cikin rairayi, direba ya ce kowa ya sauka ya tura. Na ce ni fa ɗalibi ne mai tafiya Faransa. Ya ce, "To Faransar ta zo ta ɗauke ka." Na tuɓe kwat na ajiye bisa kaya na tura tare da kowa, da na dawo na tarar wata akuya da aka ɗaure a saman motar ta tauna mini aljihu guda.

A Ɗan Issa ɗan duwan, mai binciken kaya a iyaka, ya cusa hannu cikin akwatin ya taɓo ƙunshin, ya ce mene ne. Na tuna maganar Baba, na ce guzuri ne. Ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin ɗan lakwal da ɗanyen hatsi ba. A Jibiya kuwa ma'aikacin Nijeriya ya dinga zuba mini Ingilishi ina mayar masa da Faransanci, har muka yi gumi. Can na ji ya juya ya ce wa abokinsa da Hausar Katsina tsantsa, "Wanga Bafaranshe ya cika taurin kai." Na ce, "Haba ɗan'uwa, da da wannan muka fara ai da tuni na wuce." Ya buga mini hatimi yana dariya, har ya ba ni goro. A Kano na kwana Fagge gidan wani mutumin Maraɗi, aka ba ni masa da miyar taushe. Da na san abin da ke gabana da na nemi ƙari.

Jirgi ba ni da abin faɗa a kansa sai yunwa. An kawo faranti da wani nama ja-ja-ja, na tambayi na kusa da ni ko na mene ne, ya ɗaga kafaɗa, sai na ci burodi kawai. A filin jirgin Faransa aka sake buɗe akwatin, wannan karon ba zancen guzuri, na nuna takardar da ta ce kayan bincike ne. Ma'aikacin ya ɗaga zangarniya ɗaya ya juya ta, ya kira abokinsa ya gani, ya ce mini matarsa ma tana sayen irin wannan ta ba tsuntsunta na cikin keji. Wallahi raina ya ɓaci. Abin da ya raya kakannina, ya raya ni har na iya zuwa na tsaya gabansa, wai cimar tsuntsu ne. Daga baya na gani da idona, a kantin masu kiwon tsuntsaye ake sayar da ɗan abin da suke kira gero.

Jami'ar tana wani gari ne can kudu, sai da na shiga jirgin ƙasa. Na yi sallama da na shiga taragon, na gai da kowa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya mini. Ba wanda ya amsa, wata tsohuwa ma ta jawo jakarta ta rungume. Muna cikin tafiya sai ga tsohuwar nan ta yanko wani cuku ta miƙo mini. Warinsa kamar an jiƙa fata a majema. Na karɓa da hannu biyu, na haɗiye ba tauna, ta ji daɗi ta ƙaro mini.

Aka ba ni ɗaki a gidan ɗalibai, can sama. Gado, tebur, da wani ƙarfe jikin bango mai fid da ɗumi, shi ke nan. Maƙwabcinka zai shekara bai san sunanka ba. A gidan cin abincin ɗalibai kuwa ɗanyen ganye ake fara ba ka, sai nama da jininsa, wata rana ma na doki. A can na haɗu da Isuhu, mutumin Tasawa, ɗan wani ma'aikacin gwamnati, wanda bai taɓa riƙe hauya ba a rayuwarsa. Shari'a yake bincike. Matarsa Hajara tana koyon aikin ungozoma, suna haya a cikin gari. Su suka zame mini dangi a ƙasar nan.

Ran da muka fara zama Isuhu ya dube ni ina ta fara'a, ya ce, "Kai sabo ne, shi ya sa kake dariya. Nan ba aji, ba ƙararrawa, ba mai kiran suna. Mutum guda ke riƙe da wuyanka, farfesanka. In ya tuna da kai ka gama, in ya manta ka tsufa." Shi nasa farfesan ya ajiye aiki Isuhu na dab da gamawa, wanda ya gaje shi ya ce bai yarda da komai ba, a sake daga farko. Furfura ta fara fito masa a gemu, gida kuma ana ta tambaya yaushe zai dawo ya zama alƙali.

Muna da tebur guda da masu bincike ke haɗuwa, kuma ba abin da ake yi a kansa sai ƙorafi. Wani ɗan Senegal ya ce ya ga aikinsa na shekara da shekaru an buga shi da sunan farfesansa, nasa ko a gefe babu. Wani Bature, Bernar, wanda muke ƙarƙashin farfesa ɗaya, ya ce rabin ranarsa wankin kwalabe ne. Wani ya daina zuwa teburin, sai dai a gan shi a ɗakin karatu yana magana shi kaɗai. Baƙi da farare, ban taɓa jin ɗayanmu ya ce yana jin daɗi ba. Amma in za mu aika gida, kowa lafiya lau yake cewa, har da hoto sanye da kwat a gaban wani ƙaton gini da ba mu san na mene ne ba.

Farfesana dogo ne mai furfura, kullum cikin sauri. Ranar farko ya karɓe ni da kyau. Na ba shi labarin geron, ya ce abin sha'awa ne. Ya ce sai an nema mini wuri a ɗakin gilas, wato wani gini na gilashi da ake ɗumamawa don tsiron ƙasashen zafi, domin a waje sanyi ba zai bar gero ya rayu ba. Ya ce in zo duk lokacin da nake da bukata. Na fito ina godiya ga Allah da ya haɗa ni da mutumin kirki.

To ga inda aka samu matsala, kuma har yau ban ga laifina ba. Ku kun san yadda ake zuwa wurin babba. Ka yi sallama, ka durƙusa, ka gaishe shi, ya ce lafiya, ka ce lafiya lau, gaisuwa ce. Wa zai buɗe baki da bukata tun bai zauna ba? Sai an jima babban ya sake cewa, "To, me ke tafe da kai?" sannan ka faɗa, ko ma shi da kansa ya ɗauko zancen tunda ya san abin da ya kawo ka. Haka na yi wa mutumin nan. Sai in ƙwanƙwasa ƙofa in gaishe shi, in tambayi iyali. Sai ya ɗago kai ya ce, "Akwai matsala?" In ce babu, gaisuwa ce. Sai ya ce madalla, ya mayar da kansa kan takarda. In tsaya ina jiran tambaya ta biyu, ba ta zuwa. In ja ƙofa a hankali in fita.

Na ce ƙila gwada haƙurina yake yi, kamar yadda malaman zaure kan yi wa sabon ɗalibi. Na ƙara ladabi. In na hango shi a farfajiya in ruga in karɓi jakarsa, shi kuma ya riƙe ta gam yana dubana kamar zan ƙwace. Bernar kuwa ba ya ko ƙwanƙwasawa. Ya faɗa ofis, ya zauna ba a ce ya zauna ba, ya ce wa farfesa bai yi daidai ba, har ya bugi tebur. Na ce a raina yaron nan ba shi da tarbiyya, ba zai gama lafiya ba. Shi aka ba wuri a ɗakin gilas, kuma ya gama lafiya lau.

Na bi ta wata hanyar da muka sani, wato ka samu wanda zai yi maka iso. Na je wurin sakatariyarsa na roƙe ta ta sa baki. Ta ce ita ba ta sa baki, sai dai ta rubuta mini randebu, wato ranar ganawa. Ranar ta zo aka ce ya yi tafiya. Ina ya tafi? Ƙasashenmu, wai taro kan fari. Ya Rasulallahi! Maganin farin yana ƙarƙashin gadona, shi kuma ya hau jirgi ya tafi nemansa a otal. Na je wurin mai kula da ɗakin gilas, ya ce ko tukunya ɗaya ba ya bayarwa sai da izinin farfesa. Haka lokacin zafinsu ya zo ya wuce ban shuka komai ba.

Da abin ya ishe ni, na murje ƴan ƙwayoyi na shuka cikin gwangwanin sardin na ajiye bakin taga. Sun tsiro kuwa. Ranar har rawa na taka ni kaɗai a ɗaki. Suka yi tsawo, sirara, farare fat saboda rashin rana, suna karkata wajen gilashi. Da sanyi ya shigo suka kwanta suka mutu. Ban sake taɓa ƙunshin ba, na ce ba zan ɓarnatar da irin Baba a gwangwani ba. Sai zaman ɗakin karatu, ina karanta abin da Turawa suka rubuta kan alkama. Isuhu da Hajara sun san gero nake bincike, amma ban taɓa gaya musu inda yake ba.

Ina cikin shekara ta biyu, da aka koma karatu, wani sabon ɗalibi ya iso daga Maraɗi, Mutari, wanda babansa ke sayen wake a kasuwarmu. Ya neme ni har ɗaki, ya ce yana da saƙon baka daga Baba. Ya ce an yi yayyafi aka shuka, rana ta ƙone tsiron. Aka sake shukawa, ta sake ƙonewa. Ɗan abin da ya rage a rumbu yara suka ci, don ba a kallon yaro yana kuka a ce ana ajiyar iri. Ya ce, "Baba ya ce in gaya maka ɗan Tasalla ya ƙare a gida. In da saura hannunka, ka kawo shi kafin ruwan baɗi." Bayan ya fita na jawo akwatin na ɗora hannu a kan ƙunshin. Duk duniya abin da ya rage ke nan.

Washegari na shiga ofishin farfesa ban tambayi iyali ba. Na ce ina son wuri a ɗakin gilas, na faɗa masa abin da ya faru a gida. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "To me ya hana ka magana tuntuni? Kullum ka zo cewa kake babu matsala. Na ɗauka ka fasa aikin ne kana jin nauyin faɗa." Kai! Na ce masa a ƙasarmu malami shi ke duba ɗalibinsa ya san abin da ke damunsa. Ya ce a nan ɗalibai sun yi masa yawa, wanda ya yi magana shi ake ji. Duk da haka ya ce da zarar sanyi ya wuce wuri zai samu, nawa ne. Na fito na tsara abina: rabi in shuka a ɗakin gilas, rabi in kai gida da kaina kafin damina.

Sanyin shekarar nan shi ya kayar da ni. Tari ya fara, na yi ta maza, har ranar da na faɗi a matakala. Aka kwashe ni sai asibiti, aka ce ciwon haƙarƙari ne ya kama huhu. Na yi kwanaki ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo kuma abinci ya ƙi shiga, duk abin da suka kawo in na ji ƙanshinsa sai amai. Likita ya ce wa Isuhu magani ba zai yi aiki ba in ba na ci. Hajara ta zauna bakin gado tana lallashina kamar ƙaninta, ta ce, "Yaya Habu, don Allah faɗa mini abin da ranka ke so." Na ce kunu. Na faɗa ne kawai, don na san babu.

Kashegari sai ga ta da tarmus, butar nan mai riƙe zafi. Tana buɗewa ƙanshin ya bugi hancina, na fashe da kuka a gaban Turawa, ba kunya. Kunun gero ne na gaske, da ɗan tsami. Na sha har na lashe kofin. Na ce ina ta samo, ta yi dariya ta ce, "Sha kawai, mara lafiya ba ya bincike." Na ɗauka wani ne ya zo daga gida da tsaraba. Kullum sai ta shigo bas cikin sanyin nan ta kawo mini. Na fara zama, na fara takawa, nama ya fara dawo mini. Babbar Sallah ta same ni a gadon asibiti, suka zo da yamma suna ta annashuwa, suka ce sun sa mini albarka a wurin taro.

Ran da aka sallame ni su biyu suka rako ni ɗaki. Muna shiga Isuhu ya dafa kafaɗata yana dariya ya ce, "Amma Habu kai mugu ne. Muna nan muna mafarkin hura, ashe kai kana kwana bisa hatsi! Marowaci!" Ban gane ba. Ya ce ai ranar da suka zo ɗaukar mini tufafin asibiti suka buɗe akwati suka ga ɓoyon da na yi. Hajara ta murje shi da hannu cikin kwano, ta niƙa da ɗan injin niƙa kafe, ta yi ta dama mini. Ragowar kuma ran Sallah ta yi hura da yawur, wato kindirmon Turawa, duk ɗaliban ƙasarmu suka sha, wani har da hawaye.

Na durƙusa na jawo akwatin. Tufafina an jera su tsaf. A ƙasa ga zanen saƙin Baba, an wanke shi, an goge, an ninke.

Na zauna daɓas a ƙasa. Na gaya musu ko mene ne. Isuhu ya ce, "Inna lillahi. Mu mun zaci na binciken yana can jami'a." Na ce ai ba a ba ni ko kusurwa a jami'a ba, ina zan ajiye shi? Hajara ta sulale ta zauna, ta rufe fuska da gyale, ta ce, "Yaya Habu, don me ba ka faɗa ba?" Tambayar farfesa ce ta sake dawo mini. Na so in yi faɗa, wallahi na so in fasa wani abu. To wa zan zaga? Matar da ta murje zangarnu har tafin hannunta ya yi ja don in rayu? Ƙarshe ni na koma ina ba ta haƙuri. Muka sauka har wurin zuba shara muna tambayar ƙaiƙayin, ko da ƙwara ta saura a ciki, aka ce motar shara ta daɗe da kwashewa.

Na koma wurin farfesa na faɗa masa. Ya ce abin baƙin ciki ne, kuma na ga har ransa ya faɗa. Sannan ya ce ba iri ba bincike. In ina so in sake sabon aiki kan gyaɗa, don ita masu ba da kuɗi ke so, kuma sai in nemi a tsawaita mini bursu. Wurin da ya yi mini alkawari yana nan, in ji shi. Na je na leƙa ta gilashi na gan shi, tukwane jere cike da baƙar ƙasa, an ma liƙa sunana. Na dubi Isuhu da furfurarsa, na dubi kaina. Na ce na gode, na haɗa kayana.

Ta Kano na dawo. Daga Katsina zuwa iyaka mutanen arewa ne da fari ya koro zube bakin hanya da ƴan komatsansu, ga mushen shanu nan da can, ba mai ko kallonsu. A Ɗan Issa ba wanda ya buɗe mini akwati. Da muka gangaro Madarumfa na ga tabki ya janye can nesa, mutane na tafiya a ƙasa inda da muke shiga jirgin ruwa. Gida aka yi murna, Inna ta riƙe ni tana kuka tana cewa na rame, alhali ita ce ta koma kamar kara. Maƙwabta suka cika zaure ana ta barka da zuwa Dokta. Baba yana gefe bisa buzunsa, idonsa na kan akwatin.

Sai bayan la'asar, da mutane suka watse, ya kira ni ɗakinsa ya ce in zo da akwatin. Ya ce, "Na share kusurwar, na kai mata ɗan takin da ya samu. Hadari ya fara haɗowa gabas. Ina shi?"

Na gaya masa duka. Farfesa, ɗakin gilas, asibiti, kunu, hurar Sallah. Ban ɓoye komai ba. Yana saurare yana kallon ƙasa. Da na gama bai yi salati ba, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ko ƙwara?" Na ce ko ƙwara, Baba.

Ya ce in kwashe tufafin. Ya shimfiɗa tabarma mai kyau, ya kife akwatin a kanta, ya bubbuga bayansa da tafin hannu, ya ɗaga ya duba. Ya warware zanen saƙin ya kakkaɓe shi a hankali bisa tabarmar, ya sa fuska kusa da ita yana bi da ido. Sannan ya jawo akwatin bakin ƙofa inda haske yake, ya lashi ɗan yatsa, ya bi ɗinkin ciki da shi kusurwa bayan kusurwa. Ya ɗago yatsan ya duba, ya sake lasa ya sake bi. Ni ina durƙushe ina kallon tsohon nan, ina roƙon Allah ko guda ɗaya ta maƙale.

Can ya rufe akwatin, ya tura mini shi. Ya goge yatsansa a gefen riga, ya ce, "Matar abokin nan naka akwai tsabta."